Takalmin Gobir da hanyoyin dukanci a ƙasar Hausa

Shaida mafi tsufa da aka rubuta game da takalman ƙasar Hausa tana cikin littafin Alhasan Alwazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, da aka buga a birnin Banis a shekara ta 1550. Ya bayyana cewa a Gobir akwai masaƙa da maɗinka takalma masu yawa, kuma ana kai takalmansu har Tumbutu da Gawo. Ke nan tun ƙarni na 16 sana'ar ta wuce biyan bukatar gida, ta zama hajar fatauci.

Aikin ya kasu gida biyu. Majemi shi ne mai jiƙa fata da toka don gashi ya saki, sa'an nan ya jeme ta da ƴaƴan bagaruwa. Baduku kuwa shi ne mai yanka, da ɗinki, da ado. Jan launi daga karan dafi ake samunsa, baƙi kuma daga kuloko. Fatar da ta fi daraja ita ce ta jar akuya, wadda aka sani da sunan Maraɗi da Sakkwato. Da yake ta hannun fataken Arewacin Afirka take isa Turai, sai Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, sunan majemanta ya ɓace a hanya.

Bature Barth, da ya sauka Agadas a 1850, ya isa Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin takalman Kano a kan wuri miliyan 10 a shekara, na jemammun fatu kuwa miliyan 5, waɗansu har Tarabulus. A zamanin Sarki Tanimun (1851-1884), Damagaram ta zama babban zango a kan wannan hanya.

Harshe ma ya adana sawun wannan cuɗanya. Kalmar huffi, wato safar fata da malamai ke sawa, daga Larabci ta fito, ta biyo littattafan fiƙihu inda ake bayanin shafa a kansa wajen alwalla. Kalmomin jima, da majema, da dukanci kuwa sun bi ƙirar Hausa sarai, abin da ke nuna daɗewarsu a bakin Hausawa. A Abzin, matan maƙeran Abzinawa ne ke ɗinka jakunkuna da matasan fata, amma a birnin Agadas, inda Hausa ce harshen kasuwa, maza ne ke ɗinka takalma masu faɗin tafi da suka dace da rairayi. Zaman kasuwa ɗaya ya sa kowane ɓangare ya ga zanen ɗan'uwansa, ya ɗauki abin da ya yi masa.

Saboda haka ba daidai ba ne a ce dukanci aro ne daga Larabawa, ko a ce ya girma a keɓe. Tushensa na gida ne, fatauci ne ya ƙara masa rassa.

A yau takalman roba da na kanti sun cika kasuwanni, ko da yake dukawa na nan suna aiki a Damagaram, da Tawa, da Maraɗi, da gidan tarihin ƙasa na Yamai wanda aka kafa a 1959. Ilimin nan daga uba zuwa ɗa, ko daga maigida zuwa yaro yake tafiya, ba a takarda ba. Duk takalmin da aka daina ɗinkawa, sunansa da sunayen sassansa su ma kan bi shi. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin dukawa aiki ne da ba ya son jinkiri.