Iyakar Ikon Majalisar Ƙasa

A Ingila an ce ba abin da ya gagari majalisa. In ta kafa doka yau, ba alƙalin da zai soke ta. Mutane da yawa sun zaci haka abin zai zama a nan bayan mulkin kai a 1960, amma kuwa mu takardar Tsarin Mulki aka rubuta mana, aka yanka wa kowace majalisa gonarta.

Ba a daɗe ba aka gwada. A 1961 majalisa ta Ikko ta ba Firayim Minista, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ikon naɗa masu bincike, shi kuwa ya sa a binciki wani banki da ake kira National Bank. Wani ɗan majalisar dattijai, Cif Doherty, ya kai ƙara. Babbar kotun tarayya ta ce majalisa ta shiga gonar da ba tata ba, ta rushe sassan dokar. Aka ɗaukaka ƙara har London, a 1963 can ma aka tabbatar. Gwamnati mai rinjaye a majalisa ke nan, mutum ɗaya ya tsai da ita.

To, ina ruwan mai masana'anta a Bompai da wannan? Ruwansa na nan a ƙasar da ya yi gini a kai. Dokar ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, shi ke ba da takardar mallaka. Sa'an nan aka cusa dokar cikin Tsarin Mulki na 1979, aka maimaita a na 1999. Saboda haka ko duk wakilan Abuja sun haɗa baki, ba su iya sake harafi guda cikinta sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Haka kuma a 2003, da jihar Ikko ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ce tsara gari aikin jiha ne. Watau inda za a ajiye majema a Challawa ko Sharada, da tazarar da za a bari tsakaninsu da gidajen talakawa, daga Kano za a yanke. In an yi sakaci, ba dama a ce laifin Abuja ne.

Amma shingen nan ya ɗaure jihohi su ma. Shekara da shekaru ƙarancin wutar lantarki na cikin abubuwan da suka rufe masaƙun Kano, ma'aikata suka koma gida, alhali Tsarin Mulki ya taƙaita ikon jiha kan wuta ga wuraren da babban layin tarayya bai kai ba. Majalisar Ƙasa ita kaɗai ba ta iya kwance wannan. Sai da aka bi jihohi ɗaya bayan ɗaya, kana Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a watan Maris na 2023.