Laburaren Taimako da Bayanan Gida: Darasi Daga Sunayen Birnin Zazzau

Duk manhajar da za a rubuta, ta banki ce ko ta makarantar Islamiyya, a kan abubuwa ƙalilan take tsayuwa: rubutu, adadi, kwanan wata, da jerin abubuwa. Su ne nau'o'in bayanai na yau da kullum. Ayyukan da ake yi musu ma kullum su ne dai: a share sararin da ya maƙale a gefen suna, a duba ko an bar gurbi fayau, a jera sunaye bisa abacada, a cire wanda ya maimaitu, a ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranaku biyu. Saboda wannan maimaici ne masu rubuta manhaja suka tattara irin waɗannan ƙananan ayyuka wuri guda, suka gwada su, suka sake su kyauta ga kowa. Abin da ake kira laburaren taimako ke nan. Masu aiki da Java sun san Apache Commons Lang, wanda ya fito a 2002, da Guava na kamfanin Google. Masu JavaScript kuwa sun san Underscore na 2009 da Lodash na 2012.

Matsayin wannan maƙala shi ne, wajibi ne mai rubuta manhaja a Zariya ya jingina da waɗannan laburare, amma ba shi da hurumin amincewa da ko ɗaya daga cikinsu sai ya gwada shi da bayanan mutanen da zai yi wa aiki. Mu fara da rabin farko, don shi ne ɗalibai suka fi rainawa.

Akwai wata jarumta da ke ruɗin mai koyo, wato ganin cewa gwani shi ne wanda ya rubuta komai da hannunsa. Kuɗi ya isa misali. Tun 1973 Nijeriya ke amfani da naira da kwabo, kwabo 100 a naira ɗaya. Wanda ya ajiye kuɗin makaranta ko zubin adashe a irin adadin nan mai ɗigo da kwamfuta ke amfani da shi bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, zai tarar 0.1 a tara da 0.2 ya ba shi 0.30000000000000004. Kwamfutar ba ta lalace ba. Lissafinta na gida biyu ne, kuma ɗaya bisa goma ba ya zama cif a cikinsa. A rasit ɗaya ba za a ga komai ba, sai ƙarshen zango, lokacin da jimillar manhaja ta ƙi daidaita da littafin ma'aji. An daɗe da samar da magani: BigDecimal a Java, decimal a Python, ko kuma a ajiye komai a kwabo, adadi cikakke. Haka lambar waya da ta asusun banki. Lambar asusu guda 10 ce, tana iya farawa da sifiri, wanda ya ajiye ta a matsayin adadi ya zubar da sifirin nan ke nan. Waɗannan kurakurai dubban mutane sun riga sun faɗa cikinsu, an gyara, an rubuta gwaji a kansu. Babu dalilin da zai sa yaro a Samaru ko Tudun Wada ya sake faɗawa, alhali kuɗin marayu ko albashin malamai ne ke cikin manhajarsa.

Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ba a yaba masa don shi ya cura kowane tubali. An yaba masa ne saboda bakan-gizon da ya ɗaure da kuma sanin ƙasar da za ta ɗauki nauyi. Magini na ƙwarai yana karɓar tubalin da wasu suka yi, amma sai ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa, kafin ya ɗora.

Ƙwanƙwasawar nan ce rabi na biyu, kuma a nan Hausa ke shigowa. A ɗauki sunaye biyar da duk ɗan birni ya sani: Babban Dodo, Kwarbai, Ƙofar Doka, Limancin Kona, Tudun Wada. Haka ɗan firamare zai jera su, Ƙ a bayan K. A ba kwamfuta ta jera da umarninta na asali a Python ko JavaScript, sai Ƙofar Doka ta koma can ƙarshe, bayan Tudun Wada. Dalili shi ne kwamfuta lambar harafi take dubawa. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 ne kacal, ba ƙugiya ko ɗaya a ciki. Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba haruffanmu gurbi, amma can nesa: z tana lamba 122, ƙ tana 409, ɓ tana 595, ɗ tana 599. Saboda haka duk mai ƙugiya bayan z zai faɗa, kuma ƙ ma za ta riga ɓ. A rajistar ɗalibai ko jerin masu karɓar taki, wannan na nufin Ɗanjuma da Ɗahiru za su koma shafin ƙarshe, ma'aikacin da ya duba ƙarƙashin D ya ce musu babu sunansu.

Abin lura, maganin wannan ma laburare ne. ICU, wanda kamfanin IBM ya buɗe wa jama'a a 1999, yana ɗauko ƙa'idojin harsuna daga taskar CLDR ta ƙungiyar Unicode, kuma Hausa na ciki da alamar ha. An rubuta a can cewa ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k, sh na bin s, ts na bin t. Wanda ya kira mai jerawa na ICU ya ce masa Hausa yake so, Ƙofar Doka za ta dawo mazauninta. Ashe ba aron kaya ne ya jawo matsalar ba. Ɗaukar na kusa da hannu ne ba tare da tambayar wane harshe aka yi shi dominsa ba.

Alhamza ta fi ƙugiya wahala, kuma an fi mantawa da ita. Umarnin title na Python, mai mayar da farkon kowace kalma babban baƙi, yana ɗaukar alamar nan a matsayin iyakar kalma. A ba shi sa'adatu, ya dawo da Sa'Adatu. A ba shi jama'a, ya dawo da Jama'A. Umarnin capitalize na Commons Lang kuma harafin farko kawai yake taɓawa, don haka 'yan zai bar shi yadda yake, maimakon 'Yan. Sannan alamar kanta kala uku ce a kwamfuta: miƙaƙƙiya ta allon rubutu, lanƙwasasshiya da wayoyi da Word ke sakawa da kansu, da wadda Unicode ya ware a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke, a wurin manhaja kuwa Sa'idu uku ne daban. A ƙara da cewa Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, sai a ga manhajar da za ta yi wa ɗan kasuwar Maraɗi da na Sabon Gari aiki tare tana bukatar matakin daidaita rubutu tun kafin ajiya. Ko umarnin cire ado daga haruffa, irin deburr na Lodash, wanda ke mayar da é ta Faransanci e, ba ya taɓa ƙ, domin Unicode bai ɗauke ta k mai ado ba, harafi ce mai zaman kanta. Wannan daidai ne a nahawu, amma mai gina akwatin bincike sai ya tanadi hanyarsa ta haɗa Kofar da Ƙofar, tunda yawancin mutane ba sa sa ƙugiya a waya. Makarantar da ke aika wa iyaye saƙon tes ma ta sani cewa ƙugiya ɗaya tak na rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, kuɗi ya ninka.

Kwanan wata na da nasa tarko. Java 8 ta 2014 ta zo da kalandar Hijira a cikinta, abin farin ciki ga mai rubuta wa Islamiyya manhaja. Sai dai kalandar Ummul Ƙura ce ta Saudiyya, wadda aka lissafa tun gaba. A Zazzau kuwa wata na kamawa ne idan Sarkin Musulmi ya sanar da ganinsa, kuma ranakun biyu kan saɓa da kwana ɗaya. Manhajar da ba ta bar wa mai ita damar gyara kwanan ba za ta buga takardar da liman ba zai sa wa hannu ba. Ga kuma dattijon da ya san shekarar haihuwarsa amma bai san rana ba. Fom ya tilasta rana, ma'aikaci ya cika 1 ga Janairu, ƙiyasi ya zama hujja. Laburaren kwanan wata na Java na da nau'in da ke ɗaukar shekara kaɗai. Mai tsarawa ne bai tambayi kansa su wa za su cika fom ɗin ba.

Masu adawa da yawan aro suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. A Maris 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya janye wani ɗan laburare mai suna left-pad daga rumbun npm. Layi 11 ne kawai, aikinsa cike gurbi a hagun rubutu, amma janyewar ta tsayar da ginin dubban manhajoji, har da wata mai suna Babel. A Disamba 2021 kuma aka bayyana ɓaraka a laburaren Log4j wadda ta buɗe wa ɓarayin intanet ƙofar na'urori a duniya baki ɗaya. A wurinmu akwai ƙarin nauyi: kowane laburare da aka lafta wa shafi, datar mai ƙaramar waya ce ke biya. Na yarda da duk wannan, amma abin da yake koyarwa zaɓe ne da lura. A ɗauki laburaren da ke da masu kula da shi, a ƙulle sigar da aka gwada, a shigo da aikin da ake bukata kaɗai, abin da harshen kansa ya riga ya tanada kuma a bar shi ya yi. Layi 11 mutum ya rubuta da kansa. Jeren abacada na harsuna da lissafin kalanda kuwa, wanda ya ce zai rubuta su shi kaɗai bai san girman aikin ba. A aji, babu laifi malami ya sa ɗalibi ya gina mai jerawa da hannunsa don ya fahimci cikinsa. Abin da za a miƙa wa asibiti ko ƙungiyar manoma daban ne.

Zariya ta taɓa yin irin wannan aiki. A nan ne, a shekarun 1930, Hukumar Fassara ƙarƙashin Rupert East ta tabbatar da haruffa masu ƙugiya a ɗab'i. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Mutanen wancan zamani inji suka sa ya bi harshe. Yau Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da masana kwamfuta da cibiyar da ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, tana kuma da masana Hausa a haraba ɗaya. Abin da nake ganin ya dace su haɗu a kai ƙarami ne, kuma mai yiwuwa: kundin gwaji na bai-ɗaya, mai ɗauke da sunayen mutane da unguwanni masu ƙugiya da alhamza iri uku, da kuɗi mai kwabo, da ranakun Hijira, wanda kowane ɗalibi zai bi da manhajarsa ta ciki kafin ya kare ta. Kuskuren da aka gano a bayanan Hausa na CLDR kuma a kai rahotonsa can tushe, domin gyara ɗaya a wurin yana isa wayoyin Android da iPhone na duk mai Hausa.

Ajami na jiran irin wannan hidima, kuma tasa ta fi yawa. Sai a 2020, a siga ta 13, Unicode ya ƙara wasu haruffan Larabci da ake bukata don rubuta Hausa. Samun gurbi mataki ne na farko kawai. Yadda za a jera kalmomin ajami, da yadda bincike zai gane kalma ko an sa mata wasali ko ba a sa ba, sai wanda ya yi karatun allo kuma ya iya rubuta manhaja ne zai tsara su. Irin waɗannan matasa suna nan a zaurukan Kona da Juma, rubuce-rubucen da za a gwada aikin da su kuma suna ajiye a Samaru, a taskar binciken tarihin Arewa ta jami'ar.