Wuƙa, Tsafi da Malamin Fim: Ma'aunin Masu Kallo a Zangon Kumasi

Fim ɗin kisan gilla, wato wanda makashi guda ke bin mutane da wuƙa ko adda yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, nau'i ne da ya kafu a Amurka a kan kuɗi kaɗan. The Texas Chain Saw Massacre na Tobe Hooper ya fito a 1974. Halloween na John Carpenter ya biyo baya a 1978, an kuma shirya shi da abin da bai wuce dala 325,000 ba, sai Friday the 13th a 1980 da kimanin dala 550,000. Tsarinsu kusan ɗaya ne: matasa sun keɓe a wani daji ko gida, makashi galibi ya rufe fuska, ba ya magana, kuma sau da yawa mace guda ce ke tsira a ƙarshe, abin da Carol Clover ta yi wa dogon nazari a littafinta na 1992. Arhar shiri ita ta yawaita irin waɗannan finafinai, yawansu kuma ya kai su kasuwannin da masu su ba su taɓa tunani ba, har da Kumasi.

Sun shigo Ghana sosai ne ta kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980. Kafin nan mutanen Kumasi na zuwa sinimomi irin su Rex, Odeon, Roxy da Rivoli, inda finafinan Indiya da na kaboyi da na ’yan Sin ke cika kujeru. Da bidiyo ya zo, sai duk mai talabijin da janareta da benci ya iya buɗe gidan kallo. Masu yawo da kaset gari-gari suna sa masu zane su yi musu talla da fenti a kan buhunan fulawa, kuma waɗannan zane-zane, da Ernie Wolfe ya tattara a littafinsa Extreme Canvas, shaida ce mai ƙarfi a kan abin da ke janyo ɗan kallo. Jinin da ke jikin buhu yakan ninka wanda ke cikin fim, wani lokaci ma a zana maciji ko ƙoƙon kan da babu shi a labarin sam. Mai gidan kallo ya san kasuwarsa, ba zai biya kuɗin fentin da ba ya kawo masa jama'a ba.

Ɗan kallon zango yana da wani gata da ya bambanta shi da maƙwabcinsa na Adum ko Bantama. Unguwannin Sabon Zango, Aboabo, Asawase, Yalwa da Mossi Zango sun tara zuriyar Hausawa, Mossi, Dagomba, Zabarmawa, Yarbawa, Kotokoli da sauransu, kamar yadda Enid Schildkrout ta bayyana a People of the Zongo a 1978. Hausa ce harshen haɗuwarsu, Twi harshen kasuwa, Ingilishi na makaranta. Saboda haka mutum guda yakan kalli fim ɗin Kumawood, wato harkar fim ta Kumasi, da Twi, ya kalli na Kano a Arewa24, ya haɗa da na Legas da na Indiya da na Amurka. Wanda ya saba da tukwane biyar ba ya yabon miya don ita kaɗai ya taɓa sha. Hukuncin da yake yankewa a kan fim ɗin ban tsoro na kwatance ne, kuma ƙarancin kuɗin shiri shi ne mafi ƙarancin abin da ke damunsa.

Dalilin haka a fili yake. Harkar fim ɗin bidiyo ta Ghana kanta a kan rashin kuɗi ta tashi, kuma Kumawood, wadda ta bunƙasa daga shekarun 2000 da ’yan wasa irin su Agya Koo da Lil Win, ta saba da ɗaukar fim cikin ’yan kwanaki. Lokacin da tallar wani fim mai suna 2016, wanda wani mai laƙabin Ninja ya shirya a Kumasi a kan halittun sama da suka kawo wa gari hari, ta bazu a intanet, ’yan ƙasashen waje sun yi ta dariyar dabarun kwamfutar da aka yi amfani da su. A gida ma an yi dariya, amma dariya ce ta wanda ya san wurin da aka ɗauki hoton, ya kuma san ba a yi masa alkawarin Hollywood ba. A gidan kallo ko a majalisar samari mai shayin ataya, ihu da tsokaci da yi wa jarumi gargaɗi ɓangare ne na kallon. Jinin da ya yi kama da tumatir yana ba da abin magana, ba ya kashe fim.

Abin da ke kashe shi shi ne rashin dalili. Makashin Halloween ba ya neman kuɗi, ba ya neman mulki, ba wanda ya aiko shi. Masu nazari a Amurka suna ganin nan tsoron yake. A Kumasi kuwa, inda ake raba ’yan wasa gida biyu, buloman mai nasara da kila wanda dole ya faɗi, irin wannan makashi yakan koma kila kawai, a kalle shi yadda ake kallon fim ɗin faɗa, ana lissafin wanda zai bi layi. Kisan da ke ratsa zuciya shi ne wanda aka san me ake nema da shi. Tarihin abin da kasuwa ta karɓa yana goyon bayan wannan. Zinabu na William Akuffo, wanda ya buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo a 1987, labarin talakan makanike ne da mayya mai dukiya ta yi masa tayin arziki bisa sharaɗi. Diabolo, a farkon shekarun 1990, labarin mutumin da ke rikiɗa maciji ne yana sa mata aman kuɗi, kuma karɓuwarsa ta sa aka yi ta masa ci gaba. Living in Bondage na Nijeriya a 1992 ma a kan tsafin kuɗi ya tsaya. Birgit Meyer, a Sensational Movies na 2015, ta nuna cewa masu kallo a kudancin Ghana suna ɗaukar irin waɗannan finafinai a matsayin tona abin da ke ɓoye, Tobias Wendl kuma ya karanta su a matsayin nau'in ban tsoro na yankin mai cin gashin kansa.

Wannan tsoro yana da tushe a wajen allon talabijin. Kisan mata fiye da 30 a Accra a ƙarshen shekarun 1990 ya girgiza ƙasar har ya shiga muhawarar zaɓen 2000, kuma jita-jitar tsafi ta bi shi tun kafin a kai kowa kotu. Finafinan sakawa na wajen 2009 sun haɗa damfarar intanet da matsafa. A Afrilun 2021 wasu samari biyu suka kashe ƙaramin yaro a Kasoa don neman kuɗin tsafi, hukumomi kuma suka dirar wa tashoshin da ke tallar masu ninka kuɗi. Uwar da ke hana ɗanta fita bayan magariba ba mai rufe fuska daga Amurka take tsoro ba.

Har zuwa nan ɗan zango da maƙwabcinsa Kirista ra'ayinsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne kan wanda aka ɗora wa sharri da wanda aka ba maganinsa. Yawancin finafinan kudancin Ghana sun ginu ne a kan fahimtar cocin Fentikos: mugunta na fitowa daga ƙauye ko ɗakin tsafi, ceto kuma na hannun fasto. A cikin wannan tsari akwai mutumin da ake kira malam, mai babbar riga da carbi da layu da gurɓatacciyar Hausa, wanda ake zuwa wurinsa neman kuɗin dare ko halaka abokin gaba. Hatta mayyar fim ɗin 1987 sunan da duk wanda ya ji ya san na Musulma ne aka sa mata. Ga mazaunin Aboabo, malam shi ne wanda ya koya masa alif da ba, ya raɗa masa suna, zai kuma sallaci gawarsa. Ganin kayan malanta a gefen ƙwarya mai jini yana mayar da kallon shaƙatawa ya zama tuhuma, kuma fim ɗin da ya yi haka yakan rasa amincewar da Meyer ta bayyana. Ana iya jin tsoronsa, amma ba a karɓe shi a matsayin gaskiyar da aka tona ba.

Sai dai zango ba baki ɗaya yake magana ba. Saɓanin da ke tsakanin ’yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna, wanda ya yi zafi a Ghana a shekarun 1990, ya shafi laya da rubutun sha da duba. Ga mai sukar malaman tsibbu, malamin fim ƙarin hujja ne a kan abin da ya daɗe yana faɗa, musamman da yake wasu masu tallar ninka kuɗi a talabijin su da kansu suke kiran kansu malamai. Ga wani kuwa ƙazafi ne da aka yi wa al'umma gaba ɗaya. Fim guda, benci guda, hukunci biyu, kuma duka biyun ba ruwansu da ingancin kyamara.

Kunya ma tana da nata ma'auni. Fim ɗin kisan gilla na Amurka yana cakuɗa wuƙa da tsiraici, yana kuma wasa da gawa, abubuwa biyu da ba sa kalluwa a falon da surukai da yara ke zaune. Finafinan Kano, da suka bi ta hannun hukumar tace finafinai tun 2001, sun saba wa gidajen zango da aljani da boka da ruƙiyya ba tare da tsiraici ba, shi ya sa suka zama na iyali, na Amurka kuma ya zama na samari.

Wayar hannu ta sassauta wannan rabo. Matsalar ɗauke wuta da ake kira dumsor daga 2012 zuwa 2016, da satar fasaha, da wasannin Indiya da aka juya zuwa Twi irin su Kumkum Bhagya, sun karya kasuwar faifai, masu shirya fim na Kumasi suka koma YouTube. Dokar finafinai ta 2016, mai lamba 935, ta ba Hukumar Finafinai ta Ƙasa ikon rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo, amma ikon nata ya fi aiki a sinima da talabijin fiye da abin da saurayi ke kallo shi kaɗai da abin saƙalawa a kunne. Tsokacin da a da ake yi da baki a gidan kallo yanzu ana rubuta shi a ƙasan bidiyo da Twi da Hausa da Ingilishi, inda mai shirya fim ke karantawa kafin ya ɗauki kashi na biyu.