Daidaita iskar kabon dayoksaid a ruwan kiwon kifi

A tafkunan kiwon kifi, mafi yawan asarar da ƙarancin iska ke haddasawa tana faruwa ne gab da asuba, lokacin da kifaye kan taso saman ruwa suna haki.

Dalili shi ne sauyin da ake samu tsakanin rana da dare a yawan wasu iskoki biyu da ke narke cikin ruwa, wato oksijin da kabon dayoksaid.

Wannan batu ya shafi masu tafkuna a kudancin jihar Kano, haka kuma ya shafi masu ajiye kifin ado da tsirrai a akwatin gilashi, waɗanda kan haɗa na'ura ta musamman domin zuba wa ruwa kabon dayoksaid da gangan.

Ruwan kudancin Kano

Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore, ta yankin Doguwa da Tudun Wada, kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji.

An kammala madatsar a shekarar 1974, zamanin gwamna Audu Bako, kuma an gina ta ne domin ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan dubu 1 da 900.

Ita da tafkin Bagauda, wanda shi ma yake Bebeji, sun buɗe wa jama'ar yankin hanyar noman rani da su da kiwon kifi, musamman tarwaɗa da karfasa.

Yadda iskar ke sauyawa

Da rana, tsirran ruwa da gansakuka suna amfani da hasken rana su zuƙi kabon dayoksaid, su fitar da oksijin.

Da zarar rana ta faɗi sai wannan aiki ya tsaya. Daga nan tsirrai da kifaye da ƙananan ƙwayoyin halitta duk oksijin suke shaƙa, suna fitar da kabon dayoksaid, har gari ya waye.

Zafi na ƙara tsananta lamarin. Ruwan da zafinsa ya kai digiri 20 a ma'aunin salshiyos yana iya riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a kowace lita, amma a digiri 30 ba ya wuce miligiram 7 da rabi.

Idan kuma kabon dayoksaid ta yi yawa, jinin kifi yakan kasa ɗaukar oksijin yadda ya kamata, ko da akwai shi a ruwan.

Me ya sa ake ƙara ta?

A akwatin gilashi mai cike da tsirrai da fitila mai ƙarfi, matsalar rana ita ce ƙarancin kabon dayoksaid. Abin da ruwa ke samu daga sararin ɗaki bai kai miligiram 1 a lita ba, don haka tsirrai kan tsumbure, gansakuka ta mamaye su.

Wani ɗan ƙasar Japan mai ɗaukar hoto, Takashi Amano, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, ya kuma rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar zuba wa irin wannan akwati iskar daga tukunya.

Adadin da masu wannan sana'a suka fi nema shi ne miligiram 20 zuwa 30 a lita. Abin da ya haura haka sosai yana iya kashe kifi cikin 'yan sa'o'i.

Sassan na'urar

Sashe na farko shi ne tukunyar gas ta ƙarfe. Iskar da ke cikinta a matse take har ta zama ruwa, kuma ƙarfinta ya kai bar 57 a zafin digiri 20, wato fiye da ninki 20 na iskar tayar ƙaramar mota.

Na biyu shi ne kan tukunya, wanda ake kira regileta. Aikinsa ya rage wannan ƙarfi zuwa bar 1 zuwa 3. Yana da agogo biyu: ɗaya na nuna ƙarfin cikin tukunya, ɗaya kuma na abin da ke fita.

Na uku bawul ne mai aiki da lantarki, wanda ake jona shi da agogon kunna fitila. Idan babu wuta a rufe yake, abin da ke da amfani a wurin da ake yawan ɗauke wuta.

Na huɗu shi ne bawul mai allura, wanda da shi ake saita iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Daga shi sai wata 'yar kwalba mai ruwa, inda ake ƙirga kumfar da ke wucewa.

Sauran su ne tiyo mai jure matsi, da bawul mai hana ruwa komowa baya, da wani ɗan faifan tangaran da ke farfasa iskar ƙanana-ƙanana a cikin ruwa.

Haɗawa da saitawa

Ana tsayar da tukunyar a miƙe, a ɗaure ta. Idan aka kwantar da ita, ruwan iskar zai shiga regileta ya lalata shi.

Sai a sa washa, a ɗaure regileta da sifana, a buɗe tukunyar a hankali, sannan a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta tashi, nan ne yake yoyo.

Akan fara da kumfa ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin kwanaki. Ana kunna iskar sa'a ɗaya ko biyu kafin fitila, a kashe ta sa'a guda kafin a kashe fitilar.

Ana kuma liƙa wani ɗan gilashin gwaji a cikin akwatin. Shuɗi na nufin iskar ta yi kaɗan, kore daidai ke nan, rawaya kuwa alamar haɗari ce. Sai dai launin kan yi jinkirin sa'a ɗaya zuwa biyu, saboda haka hakin kifi ne gargaɗin farko.

Zafin Kano

Kabon dayoksaid ba ta iya zama ruwa idan zafi ya wuce digiri 31, kuma daga nan ƙarfin cikin cikakkiyar tukunya kan hau da sauri.

Tun da yake zafin bazara a Kano yakan kai digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, bai dace a bar tukunyar a rana ko a cikin rufaffiyar mota ba.

Bai kuma halatta a ɗura wannan iska a tukunyar gas ɗin girki ba, domin ba a ƙera ta don irin wannan matsi ba.

Wani haɗarin yana zuwa ne idan tukunya ta kusa ƙarewa: regileta mai mataki ɗaya yakan saki ragowar iskar fiye da kima. Don haka da allurar agogo ta fara sauka, sai a sake cikawa.

Masu ƙaramin akwati kan haɗa sukari da yis da ruwa a robar lemo. Hanyar tana da araha, amma ba a iya tsayar da ita da dare, zafi na sa ta gudu, kuma ruwan da ya rage barasa ne da ake zubarwa.

Darasi ga mai tafki

Mai tafki a Tiga ko Kiru ba ya bukatar sayen kabon dayoksaid. Kashin kifi da ragowar abinci da taki suna samar da fiye da abin da ake so.

Alamar yawan gansakuka ita ce mutum ya tsoma hannu, tafinsa ya ɓace kafin ruwa ya kai gwiwar hannu. A irin wannan hali akan dakatar da zuba taki, a rage abinci, a sauya wani kaso na ruwan.

Kwanakin hadari na watan Agusta, da na ƙurar hunturu, suna rage hasken rana, don haka ruwa kan shiga dare da ƙarancin oksijin.

Karfasa ce ta fi saurin jigata. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska daga sama, amma ita ma gurɓataccen ruwa yana hana ta girma.

Shi ya sa ake shawartar masu kiwo su duba tafki da asuba, kuma idan suka ga kifi na haki, su hanzarta feso ruwa sama da injin ban ruwa, su jinkirta ba da abinci sai rana ta ɗaga.