Dajin da Aka Zana Mana: Daga Tarzan Zuwa Fearless Fang

Duk wanda ya tashi a masarautar Gumel ya san daji. Daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, har Maigatari a bakin iyakar Nijar, daji fili ne mai rairayi, da gawo da aduwa da kuka jefi-jefi, inda makiyayi ke hango garkensa daga nesa. Amma dajin da mujallun zane suka sayar wa duniya da sunan Afirka daban yake: ƙungurmi ne mai duhu, cike da birai da kadoji.

A Amurka aka ƙago shi. A 1912 Edgar Rice Burroughs, wanda bai taɓa taka Afirka ba, ya ƙirƙiro Tarzan, ɗan Turawan Ingila da birai suka rena. A 1929 Hal Foster ya mai da labarin zane a jaridu. Phantom na Lee Falk ya biyo baya a 1936, sannan kamfanin Fiction House ya fito da Jungle Comics daga 1940 zuwa 1954. Tsarin ɗaya ne: Bature ne sarkin daji, baƙin mutum kuwa ko ɗan dako, ko abokin gaba, ko wanda ake ceto.

Martani ya zo a ƙarshen shekarun 1960 daga kamfanin Drum na Jim Bailey, mai tushe a Afirka ta Kudu. Maimakon zane, sai ya yi amfani da hotunan 'yan wasa, aka jera kalamansu a kai. Mujallar African Film ta kawo Lance Spearman, ɗan birni mai kwat da hula. Boom kuma ta kawo Fearless Fang, Tarzan baƙar fata. Da Turanci aka buga su, don haka 'yan boko ne suka fi rububinsu a Najeriya da Gana da Kenya. African Film ta daina fitowa a 1972.

Fang ya sauya launin jarumi, amma dajin Burroughs ya ci gaba da zama. Alhali dajin Gumel yana da nasa labarin: masarautar da ta bi Barno ba Sakkwato ba, ta daɗe tana gwabzawa da Haɗeja, ta kuma sha hare-haren Damagaram a ƙarni na 19. Mahayan wancan zamani da fatakensa da maharbansa sun isa cika mujallu masu yawa. Yaron Gumel na yau ya fi saurin gane Tarzan a kan ya ambaci ko ɗaya daga cikinsu.