Jarrabawa a Kwamfuta, Karatu a Baƙin Allo: Manufar Fasaha a Makarantun Dawakin Tofa

Tun 1988 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da ilimin kwamfuta a makarantu. A 2010 aka rubuta manufar amfani da fasahar sadarwa a harkar ilimi, aka sabunta ta a 2019. Duk da haka, matakin da ya fi taɓa ɗalibin ƙauye shi ne na hukumar JAMB, wadda ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. A 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa WAEC da NECO ma za su bi sahu.

Wato fasahar ta ɗakin jarrabawa ta shigo, ta bar aji a baya. Yaro daga Marke ko Tattarawa a yankin Dawakin Tofa na iya haddace sunayen sassan kwamfuta daga zanen da malami ya yi da alli, ya ci darasin a takarda, amma sai ranar jarrabawa zai fara ɗora yatsa a kanta, ga agogo yana ƙirga masa mintuna a gefen fuskar na'urar. Ita kanta JAMB ta lura da haka, shi ya sa ta tsara a amsa tambayoyi da maɓallai takwas kacal. Wannan sauƙi ne, amma kuma shaida ce ta matsalar.

Abin lura shi ne Dawakin Tofa ta taɓa ganin manufar da ta yi aiki. A 1977 gwamnatin Kano ta buɗe sakandaren kimiyya a nan da kuma Dawakin Kudu, ta ware musu hukuma ta kansu, ta nemo malamai har daga ƙasashen waje, ta riƙa zuba kuɗin ɗakin gwaji da na abinci. Likitoci da injiniyoyin Kano da dama daga nan suka fito. A ganina sirrin yana cikin kuɗin yau da kullum ne, kuma a nan manufar kwamfuta ke tuntuɓe. Sayen na'ura kwangila ce, ana yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Batirin sola, da data, da mai gyara, da horar da malami kuwa hidima ce ta kowane wata, ba ta da ranar biki.

Shirye-shirye dai ba su yanke ba: AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano ke cikin jihohinsa na farko, yana da sashen koya wa 'yan mata kwamfuta, ga kuma manhajar darussa ta intanet da ma'aikatar ilimi da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Kada kuma a ce mutanen yankin ne ke gudun na'ura. Ɗan kasuwar Dawanau da waya yake cinikin tirelar riɗi, domin cajinta da datarta suna cikin lissafinsa. Ita kuwa dokar ta-ɓaci kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a 2024 ta fi ba da ƙarfi ga gine-gine, kujeru da ɗaukar malamai, kuma da gaskiyarta: ajin da yara ke zaune a ƙasa, rufinsa yana yoyo da damina, ba shi da inda za a ajiye kwamfuta.