Hotunan Lacca Daga NEPU Zuwa PRP

Wannan makon ku yi mini haƙuri da ci gaban littafinmu, so nake in ɗan taɓo tarihin hotunan taron siyasa, wanda iyayenmu ke kira lacca.

Mai hoto a shekarun 1950 da fim yake aiki. Naɗi guda in ya yi yawa hoto 36 ne, kuma ba zai ga abin da ya ɗauka ba sai an wanke. Don haka kafin ya latsa sai ya zaɓi wurin tsayawa. Ko dai ya durƙusa a gindin dandamali ya ɗauko Sardauna daga ƙasa, rawani da babbar riga su cika hoton, ko kuma ya ɗare kan mota ya ɗauko kawunan jama'a iya ganin ido. Na farkon kwarjini yake nunawa. Na biyun kuwa hujja ce ga abokan hamayya cewa mu ke da mutane.

A ganina NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta fi NPC buƙatar irin na biyun. Ba ta da sarakuna, ba ta da En'e, jama'ar nan su ne jarinta. Shi ya sa in hoton laccar Malam Aminu Kano ya zo hannuna, ba Malam nake fara kallo ba, na san fuskarsa. Mutanen da ke tsaye a ƙasa nake bi ɗaya bayan ɗaya, tela ne, ɗan koli ne, mahauci ne, Allah masani. A lokacin sai da izinin En'e ake lacca, kuma 'yan NEPU da yawa sun sha bulala da ɗauri a kotun alƙali a kan haka. Wanda ya tsaya ya kalli kyamara ido da ido ya san ɗan doka ma zai iya ganin hoton. Ko kai ne mai karatu, za ka tsaya?

A zaɓen 1959 Awolowo ya riƙa sauka garuruwan Arewa da jirgi mai saukar ungulu, jama'a na tururuwa. To a nan hoto kan yi ƙarya, domin ba ya bambance wanda ya zo don jam'iyya da wanda ya zo kallon jirgi. Da aka ƙirga ƙuri'u NPC ce ta kwashe mafi yawan kujerun Arewa.

Sai batun mata. A hotunan wancan zamani da ƙyar za ka hango ɗankwali, in ka cire irin su Hajiya Gambo Sawaba da ta sha ɗauri saboda NEPU. Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976. Ɗauki hoton taron PRP na 1979, shekarar da Abubakar Rimi ya ci gwamnan Kano, ka ajiye kusa da na 1959. Malam dai shi ne a dandamali, gashi ya yi furfura, amma a gefen fili ga mata nan sahu guda, wasu da goyo a baya.